Ranar da Na Kai Su Rugar Yaya Buba

Ku 'ya'yan Aminu, wannan babin naku ne, ku matso. Na sha jin ana ba ku labari a gidan nan cewa akwai shekarar da aka kusa raba uwarku Falmata da ubanku, ni kuma na tsaya tsayin daka na hana. Duk lokacin da aka faɗa nakan gyara zama in yi shiru, don yabo da daɗi ko a kunnen tsohuwa. To, yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya, ba na so in tafi da yabon da ba nawa ba. Ga yadda abin ya kasance, da ɗan bokon da na koya a ajin manya. In kun ga kuskuren rubutu ku gyara, amma kada ku taɓa mini maganar.

Yayanku Abba an haife shi wata biyar bayan rasuwar kakanku Alhaji, don haka ba a ma yi wata shawara ba, aka mayar masa da sunan marigayi. Nan fa aka ɗaure bakin kowa. Ni ban taɓa kiran sunan mijina ba tun ina amarya har ya koma ga Allah, ko a takardar nan ba zan rubuta ba, sai nake ce wa jaririn Maigidana. Ubanku ba zai kira sunan ubansa gatsal ba, ya ce Abba. Yaya Hajjo, yayar Alhaji, wadda kuka sani da Gwaggo, ta ce ƙaninta ne ya dawo, tana ce masa Ɗan'uwa. Dangin uwarku mutanen Borno ne da suka daɗe a Azare, mahaifinta yana ɗinkin hula a bakin kasuwa, su kuma Ba'ana suke ce masa. Uwarku kuwa abin ya haɗe mata biyu, ga shi ɗan fari, ga shi sunan surukinta. Ba ta kiransa da komai. In ta ga zai taɓa wuta sai ta ce “kai”, in za ta yi mini maganarsa sai ta ce “yaron nan”. A gabana ba ta ɗaukarsa sai in nono za ta ba shi, ba ta yi masa wasa, ba ta ko kallonsa. Mu kuma muna ta yabonta, muna cewa Aminu ya yi dace da mace mai alkunya irin wadda ta yi wuya a zamanin nan. Da aka yaye shi na ɗauke shi ya dawo ɗakina, kamar yadda aka saba.

Yaro ne kyakkyawa mai dogon hanci irin na gidanmu, ba ya kuka sai da dalili. In baƙi sun shigo ba ya kallon fuskarsu, sai mata su ce, kai, wannan Bafillace ne na gaske, kunya tun daga zanin goyo. In an kira shi bai waiwaya ba, sai a ce ai sunayen ne suka yi masa yawa, wanne zai amsa? Ya shekara biyu bai ce uffan ba, Yaya Hajjo ta ce ubansa ma bai yi baki da wuri ba. Duk alamar da ta fito muna da rigar da za mu saka mata. Amma da ya haura uku, rigunan suka fara yi masa kaɗan. In yana son ruwa ba ya nunawa, sai ya kama hannuna ya ja ni har gindin randa ya ɗora shi a kan murfin, kamar hannun nawa ne moɗa. Yana tara ƙwallayen dabino ya jera su a bakin tabarma daga babba zuwa ƙarami, in kaza ta ture ɗaya ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. In maƙwabta suka tayar da injin niƙa sai ya toshe kunne ya shige bayan ƙofa, amma ka tsaya a kansa kana kira, kamar da bango kake. In murna ta kama shi kuwa, sai ya ɗaga dunduniya ya yi ta kaɗa hannuwa a gefen kunnuwansa. Ranar da na fara ganin wannan ina tankaɗe, sai da rariyar ta kuɓuce mini, don na san hannuwan nan tun kafin a haifi ubanku.

Ni 'yar Udubo ce, kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne babbanmu, Yaya Buba, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai yi magana ba sai da ya shekara bakwai, da ya fara kuma ba ya yin ta sai a kan shanu. Mutanen gari suna ce masa taɓaɓɓe, yara suna binsa da jifa, har mahaifinmu ya gaji ya mayar da shi ruga, can bayan gari, ya bar shi da garke. Ni ce nake kai masa abinci ina ƙarama, ni kaɗai yake yarda in zauna kusa da shi. Da aka tashi aurena da ɗan birni, uwata ta ja ni gefe ta riƙe mini kunne.

“Dija, gidan 'yan kasuwa za ki, masu tonon asali. In an tambaye ki Buba, yana daji da shanu. Iyakar abin da kika sani ke nan.”

Na riƙe wannan magana shekara arba'in. Ubanku da 'yan'uwansa sun tashi da sanin suna da wani kawu makiyayi wanda kullum ba ya nan in an je gaisuwa, ba su kuma taɓa tambaya ba.

A shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Azare, lokacin da za ka ga babban mutum ya fito tsakar titi yana ɗaga ta sama yana neman sabis, Abba ya kusa huɗu kuma har sannan ba kalma ko ɗaya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadakar ƙosai, shiru. Yaya Hajjo mace ce mai hannun kyauta, za ta ciyar da unguwa guda ba ta ji komai ba, amma bakinta ya fi aska. Ita ta fara cewa a gidansu ba a taɓa haifar irin wannan ba, tana faɗa tana kallon ƙofar ɗakin uwarku. Ubanku yana aikin malamin gona a ƙaramar hukuma, shi ya ce a daina zato, a je asibiti. Muka tafi mu huɗu, ni da shi da Falmata da yaron. Aka duba kunne aka ce garau yake. Daga nan aka tura mu wajen wani matashin likita, baƙo ne a ƙasar nan, mai fara'a, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Ya dubi uwar yaro, kamar yadda kowane likita zai yi.

“In kin kira sunansa, yana amsawa?”

Falmata ta sunkuyar da kai. “Ba na kira.”

“Ba kya kiran ɗanki?”

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

“To wane wasa kuke yi da shi? Me ya fi so?”

“Ban sani ba.”

Ina zaune a gefenta, mijinta yana tsaye a bayanta. Wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki a gaban surukarta ta yi ta zuba labarin ɗan farinta? Ni na san haka, Aminu ya sani, likita ne kaɗai bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya gaya wa ubanku da Turanci cewa yaron ba ya samun kulawar uwa, kuma hakan yana iya jinkirta magana. Ya ba mu rana bayan wata biyu, mu dawo mu ga wata babbar likitar yara da take zuwa daga Kano lokaci-lokaci. Har yau ban ga laifin matashin likitan nan ba, abin da ya gani ya rubuta. Da na ce masa kalma biyu, “al'adarmu ce”, da an wuce wurin. Amma na ga ƙofa ta buɗe wadda zargi zai bi ya fice daga ɗakina, sai na bar ta a buɗe.

“To,” in ji Yaya Hajjo da muka dawo, “ko likitan boko ya faɗa.”

Alkunyar da muka shekara uku muna yabo ta koma laifi a yini ɗaya. Ubanku ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka, amma Gwaggo ce ta goya shi, maganarta tana shigarsa, kuma mutumin da ɗansa ba ya kallonsa yana neman inda zai sauke baƙin ciki. Ya rage hira da uwarku, ya rage cin abincinta. Ita kuwa tana da cikinki, ke Zainab, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, amma ba ta fasa kawo mini ruwan alwala da ɗumi kullum ba. In kun ce me ya hana ni magana, zan gaya muku, ba don in wanke kaina ba. Autata Hauwa ta isa aure, wani gidan mutunci daga Hardawa suna nemanta, suna tsakiyar binciken asali, ita ma tana son saurayin. Na san in sunan Yaya Buba ya fito, za su ɗauke ƙafa. Na ɗora 'yata da 'yar wani a kan sikeli, na zaɓi tawa.

Ranar ganin babbar likita ta zo ana saura mako biyu babbar Sallah. Dattijuwa ce, gilashinta rataye da igiya a wuya. Ba ta fara da mu ba, ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa kusa da yaron, ta miƙa masa 'yar motar roba. Ya karɓa bai dube ta ba, ya kifar da ita, ya yi ta juya taya ɗaya da yatsa. Ta nuna masa hoton kyanwa a bango, bai bi yatsanta da ido ba. Ta tambayi sunansa, muka jera mata guda huɗu, ta yi dariya ta ce ko sarki bai kai shi suna ba. Sannan ta dubi Falmata da take sunkuye, ta dube ni.

“Hajiya, ɗan fari ne?”

“Shi ne.”

“To ke da Malam ku ɗan ba mu wuri.”

Muka zauna a benci a waje kusan awa guda. Da aka kira mu, na tarar ta cika takarda uku, idon uwarku ya yi ja.

“Yarinyar nan,” in ji likita, “ta san watan da ya fara jera ƙwallaye. Ta san ba ya cin tuwo in miya ta taɓa shi. Ta san da wace ƙafa yake fara tsallake dokin ƙofa. Ta tagar ɗakinta take kallonsa duk yini. Wanda ya ce ba ta kula da shi, bai tambaye ta ita kaɗai ba.”

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce da Turanci otizim suke cewa, yanzu a rediyo ina jin ana kiransa galahanga, sunan da bai taɓa yi mini daɗi ba. Ta ce ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, tana karɓar duniya ta wata hanya daban. Ta ce ba ƙwayar da ake sha ya tafi, amma akwai koyarwa, kuma gwamma a fara da wuri. Ta ce sau da yawa in an bincika akan samu mai kama da haka a dangi, ta wajen uwa ko ta wajen uba, wani lokaci kuma ba a samu. Ta nuna mini wata takarda da ta zana dangin Falmata reshe-reshe, ta ce ta lissafa mata kowa har da wani baffanta mai in'ina, tana kuka tana tambaya ko daga gare shi ne. Ta juya takardar ta ɗora biro.

“Saura naku, Hajiya. Akwai wanda ya yi jinkirin magana? Ko mai gudun taro, mai abu ɗaya kullum?”

“Babu.”

Ta dube ni ta saman gilashi. “Ba mai laifi nake nema ba, Hajiya. In akwai babba mai irin halinsa, zai taimake ni in san abin da zan gaya wa iyayensa.”

“Babu, Likita. Mu lafiyayyu ne.”

Ta rubuta. Da alwalata na yi wannan ƙaryar, Allah Ya yafe mini.

Na ɗauka an gama, tunda likita ta wanke uwarku. Ashe na ƙara ɗaure ta ne. Da ubanku ya maimaita bayanin a gida, Yaya Hajjo ta zubar da komai ta riƙe kalma ɗaya, dangi.

“Madalla. An ce yana bin jini. Gidanmu babu. Gidan Dija, ta faɗa da bakinta a gaban likita, babu. Saura gidan wa? Ga kuma wani cikin, Allah kaɗai Ya san abin da yake ciki. Ta je gida ta huta bayan Sallah, in ta sauka a ga abin da Allah zai yi.”

Duk wanda ya san gidajenmu ya san irin wannan hutun, ba a cika dawowa daga gare shi ba. Aminu ya dube ni yana jiran in ce wani abu, na ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Sallar nan ko nama ban ci ba. Kwana uku bayanta, da hantsi, uwarku ta yi sallama a ƙofar ɗakina. Akwatinta yana tsakar gida, ƙanenta zai zo ya ɗauka bayan azahar. Ta durƙusa da ƙyar saboda ciki, ta ajiye mini tulin kayan Abba da ta wanke ta ninke, don yaro a gidan ubansa zai zauna. Ban taɓa jin ta yi dogon zance a kansa ba sai ranar.

“Inna, rigar nan mai kaurin wuya ba ya sonta, na ware ta. In za a yi niƙa a maƙwabta, da ƙarfe goma suke tayarwa, a shigar da shi ɗaki kafin nan. Ƙwallayensa talatin da ɗaya ne, in ɗaya ya ɓata ga wasu na tara a wannan ƙullin. Yaron nan ba ya ƙin mutane, Inna. Ba ya dai sanin ta inda zai fara.”

Shi kuma yana bakin tabarma yana jerinsa, bai san ana sallama da shi ba. Na dubi ƙullin ƙwallayen nan a hannunta. Na ce ta mayar da akwatinta ɗaki. Na ƙwala wa ubanku kira da muryar da bai ji ba tun yana yaro, na ce ya nemo mota yanzu-yanzu, Udubo za mu, ni da shi da Yaya Hajjo da Maigidana. Ya tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce in mun je zai gani. Ban yarda da bakina ba, na san in na ce zan faɗa a gida zan sake lanƙwasa maganar, gani kuma ya kori ji.

Ba mu tsaya a cikin gari ba. Muka bar motar inda hanya ta ƙare, muka taka, Yaya Hajjo tana mita tana cewa na fito da ita cikin rana ba bayani. La'asar ta yi lokacin da muka isa rugar. Yana zaune a gindin wata aduwa, gemunsa ya yi fari fat, ya shimfiɗa igiyoyin ɗaure maruƙa a gabansa daga doguwa zuwa gajera. Rabona da shi shekara tara, tun rasuwar uwarmu. Na yi sallama, bai ɗago ba.

“Dija. Baƙar saniyarki ta mutu. Jikokinta goma sha ɗaya.”

Ya shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya, da uwar kowace da shekarar da aka haife ta, idonsa yana kan igiyoyinsa. Abba ya zame daga kafaɗar ubansa, ya je ya zauna ɗan nesa da tsohon, ya fara tsince 'ya'yan aduwa yana jerawa. Ba wanda ya dubi wani a cikinsu. Can jerin ya zo inda babu wadda ta dace, yaron ya fara wannan gurnanin da yake yi kafin ihu. Sai Yaya Buba ya lalubi ƙasa a gefensa, ya zaɓi ɗaya, ya tura masa da bayan yatsa. Ta zauna daidai. Muna nan tsaye garke ya doso gida, ana jin kukan maruƙa. Tsoho ɗan shekara saba'in ya miƙe, ya ɗaga dunduniya, ya shiga kaɗa hannuwa a gefen kunnuwansa.

“Inna,” in ji ubanku, “wane ne wannan?”

“Kawunka ne, uwa ɗaya uba ɗaya da ni. Shi ne babun da na gaya wa likita.”

Yaya Hajjo, wadda ba ta zama sai an shimfiɗa mata darduma, ta zauna a ƙasa daɓas. Da muka shiga mota ta juyo ta dube ni.

“Shekara arba'in, Dija. Ashe ke kika kawo mana.”

“In kawowa ce, ni ce. Sai ki haɗa mini nawa akwatin, Yaya, ki bar 'yar mutane.”

Da muka sauka a Azare, ubanku ɗakin uwarku ya nufa, da takalminsa ma ya shiga.

Abin da nake tsoro kuwa ya faru, don zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin wata ya ƙare mutanen Hardawa suka daina aike, ba faɗa ba zagi, shiru kawai. Hauwa ta yi kuka har ta kwanta, ta ce mini na sayar da ita don in fanshi surukata. Ta yi wata huɗu ba ta ci abin da na taɓa ba. Bayan shekara biyu ta auri wanda kuka sani, kuma ranar da iyayensa suka fara zuwa ni da kaina na ba su labarin Yaya Buba kafin su sha ruwa. Tana zaune lafiya, alhamdu lillahi, amma ba zan ce muku ba ta yi rashi ba, don wancan take so, kuma ni na jawo mata da shirun da na yi tun farko.

Da likita ta sake zuwa na koma ni da uwarku, na ce ta ɗauko takardar nan akwai gyara. Ba ta yi mini gori ba. Ta ce ni ma ba ni na kawo ba, ba a ƙwarya ake kawo wannan ba, rabo ne da yake yawo a jinin mutane da yawa. Ta yi ta tambayata Yaya Buba, yaushe ya yi magana, me ya iya, wa yake yarda da shi. Da na ce garke guda yake riƙe da shi kuma bai taɓa ɓatar da ko maraƙi ba, sai ta juya wajen Falmata ta ce, kin ji ko, ba lallai naki ya zama kamarsa ba, amma ki san ba a rufe ƙofa ba. Ta ce a tsayar masa da suna ɗaya. A durƙusa daidai fuskarsa in za a yi masa magana, a gajarta ta, a nuna abu a faɗi sunansa, a jira shi. Ta ce wanda ya fi saninsa shi zai koya masa, ta faɗa tana kallona. Na gane. A ranar na kwashe kayansa na mayar ɗakin uwarsa, na tara mutanen gida har da Yaya Hajjo, na ce daga yau Abba ne sunansa a bakin kowa, ni ma na saki Maigidana. Na ce wa Falmata alkunya ta ƙare a kan wannan yaron, ta kira shi, ta goya shi, ta yi masa waƙa a tsakar gida, wanda ya ga rashin kunya ya zo ya same ni. Sai da ta yi kwana uku tana buɗe baki tana rufewa kafin sunan ya fito.

Ba a yi abin al'ajabi ba, kada wani ya ƙara muku gishiri. Ya kusa shida kafin ya ce “ruwa”. Makarantar boko ta gagare shi saboda hayaniya. Amma kakanku na wajen uwa ya lura yaron yana tsayawa a kan hula yana bin zaren da ido, sai ya ba shi allura. Yau kun ga yadda ake layin hular Abba, ba ya kuskuren ɗinki ko ɗaya, ba ya zuwa biki, kuma gaisuwarsa ɗaya ce tun yana goma. Ku da kuka biyo shi kuwa, musamman ke Zainab, kun zo da bakin da zai ishi mutum uku. Ina gode wa Allah da Ya haɗa mu da likitar nan da ta san a fitar da suruka kafin a tambayi uwa. Ina gode wa Yaya Buba, wanda na riƙa ziyarta duk wata har Allah Ya karɓi abinSa bayan shekara uku, bai taɓa tambayata ina na shiga ba. Har Yaya Hajjo ina gode mata, don ita ta ɗinka wa Abba jakar ƙwallayensa, ko da yake har ta rasu ba ta ce ta yi kuskure ba.

Saura godiya ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro. Bayan an haife ki, Zainab, uwarki tana cikin wankan jego, wata safiya na dama kunun kanwa na kai mata da kaina. Na daɗe ina juya maganar a ciki, don ba a saba suruka ta roƙi matar ɗanta gafara ba. Na tsaya da kwanon a hannu.

“Falmata, ki yafe mini. Na bar ki da kayan da ba naki ba, alhali na san mai kayan.”

“Ba komai, Inna. Ai na san shi.”

“Kin san wa?”

“Kawu Buba. Lokacin da aka kai ni gaisuwa Udubo ina amarya, na bi 'yan mata ruga karɓo nono. Na gan shi yana kaɗa hannu da shanu suka dawo. Suka ce yayanki ne, kada in faɗa a gari. Ranar da Abba ya fara yi, na tuna.”

Na lissafa a raina, fiye da shekara guda ke nan tana sane. Tana sane aka ce ba ta kula da ɗanta, tana sane aka ce jinin gidansu ne.

“Kina ji ana zagin iyayenki. Har akwati kika haɗa. Me ya hana ki buɗe baki, 'yar nan?”

Ta gyara wa jaririya kwanciya, ba ta dube ni ba.

“Ga Hauwa ana nema, Inna. Kuma ke kaɗai ce a gidan nan kika taɓa son irinsa. In na tona ki, wa zan bar wa ɗana?”

Na zauna a bakin gadon ina kuka, ita mai jego tana ba ni haƙuri, har kunun ya huce a hannuna.